Shekarar da Na Kai Guzan Gidanmu Aji

Kun sha tambayata abin da ya shiga tsakanina da kawunku Habu, ni kuma na sha kau da zancen. Wani lokaci in ce muku hanya ce ba ta da kyau, wani lokaci in ce aiki ne ya yi mini yawa. Gaskiyar magana, hanyar Gubuchi ba ta taɓa hana ni zuwa gida ba, ko da tsakiyar damina. Yanzu da na ajiye aiki, ƙafa ta yi nauyi, rubutun nan ma sai da tabarau nake yinsa, na ga gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku nasa da gishiri. Abin ya faru ne a shekarar da kwalejinmu ta buɗe wurin karatun ƙarshen mako a nan Ikara, aka tura ni koyar da adabin baka, lokacin autarku Sadiya tana ƙaramar sakandare.

Ɗaliban nawa ba yara ba ne. Malaman firamare ne da aka ce musu su ƙaro takarda ko su rasa aikinsu. Daga Kudan suke zuwa, da Makarfi, da ƙauyukan Dandamisa, wasu a kan baburansu, wasu su biyu a bayan ɗan acaba. Mata na zuwa da goyo. Ajin wata sakandare aka ara mana, mai bencinan yara, sai ka ga magidanci mai furfura ya naɗe ƙafafu gwiwarsa na dukan tebur. Tun safe ake ɗura musu darussa, nawa kuma shi ne na ƙarshe, bayan azahar, lokacin da kwanon rufin ya gama ɗaukar zafin bazara yana sauke mana shi a ka. A wannan lokacin ne ni kuma zan tsaya in ce musu yau za mu duba rabe-raben tatsuniya, ko bambancin almara da hikaya, ko labaran asalin garuruwa da na iskoki. Shekara ashirin na yi ina koyar da wannan fanni, a kansa na yi bincikena, kuma ina sonsa. Amma ban taɓa koyar da mutanen da suka gaji kamar waɗannan ba, ni ma kuma a lokacin na fara gajiya.

Babu abin da ban gwada ba. Na raba su rukuni-rukuni su tattauna, suka koma hirar tsadar taki. Na ce a fito a kwaikwayi tatsuniyar kura da akuya, mazan suka sunkuyar da kai, ba wanda ya yarda ya zama kura a gaban malamar da take ƙarƙashinsa a makaranta. Na ba su aiki kowa ya je wurin tsohuwar gidansu ya rubuto tatsuniya ɗaya, suka kawo mini tatsuniya ɗaya tak su duka, har kuskuren rubutun iri ɗaya ne. Da ruwan farko ya sauka sai ajin ya fara zubewa. Wasu su sa hannu a takardar halarta su fice ta baya, wasu su tafi sallar azahar ba su dawo ba.

Akwai wani dattijo a cikinsu, Malam Idi, hedimasta ne daga wajen Kudan, ya girme ni. Kullum jikin taga yake zama da carbi a hannu, idonsa a rufe, ba ka iya gane ko tasbihi yake ko barci. Wata Asabar ina cikin bayani ya buɗe ido ya ɗaga hannu.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu takarda muka zo nema. Ki rubuta mana abin da zai fito a jarrabawa mu haddace, ki huta mu huta. Kowa yana gona yana shuka, ni ina nan ana ba ni labarin kura."

Ba da raini ya faɗa ba, shi ya sa ma ta fi yi mini ciwo. A makon nan mai kula da wurin karatun ya kira ni ofis ya nuna mini takardun halarta. Ya ce in abin ya ci gaba haka zai rubuta wa kwaleji a daina ware wa darasin lokaci, a riƙa raba wa ɗalibai takardu kawai su karanta a gida. Na dawo na gaya wa babanku. Yana cin tuwo bai ko ɗago ba ya ce:

"To ki ba su abin da suka ce mana. Ke kaɗai ce za ki ceci tatsuniya?"

A kwanakin ne Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, take zaune a gidan nan saboda aikin ido da aka yi mata a asibiti. Za ku tuna ta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai taba a baki, wadda ba ta iya zama hannu sake. Ranar wata Juma'a da hantsi muna zaune a inuwar ɗaki muna ɓarar gyaɗar iri, ina ta tunanin darasin gobe, wanda yake kan camfi da abin da ake kira kan gida, wato dabba ko wani abin da zuri'a guda take ƙaurace wa ci ko kashewa. Sai na tuna wani abu na ƙuruciya. In muka je gonar rake da Baba, guza ya fito daga fadama, sauran manoma sukan bi shi da sanda don nama ne, amma Baba sai ya tsaya cak ya ce mana, ku bar shi ya wuce. Na tambayi Gwaggo dalili. Ta ƙarasa ɓare gyaɗar da ke hannunta, sannan ta fara.

Ta ce kakan kakanmu ne mahara suka biyo, ya gudu ya faɗa fadama, ya sami wani rami a gaɓar rafi ya shige. Guza ya zo ya ja wutsiyarsa a kan sawunsa har ya shafe, sannan ya kwanta a bakin ramin yana shan rana. Da maharan suka iso suka gan shi kwance hankali a kwance, suka ce babu mutumin da ya bi ta nan, suka wuce. Tun daga ranar gidanmu ba ya cin guza, ba ya kashe shi. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce mahaifinsu, kakana Nomau, har ya mutu bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba. In ruwan farko ya sauka, shi ne yake ɗaukar jan zakara ya kai gindin tsamiyar bakin fadama ya yanka wa iskokin wurin, kafin kowa a unguwar ya sa iri a ƙasa. Ta faɗi yadda yake tsayawa, da kalmomin da yake faɗa, da yadda ake hana mata matsowa. Ta ce Baba yana saurayi ya tafi cin rani Zariya da sunan Tanko, ya dawo da sunan Musa da buta a hannu, kuma shekara biyu Nomau bai ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Wasu 'yan'uwan kuma suka bi coci.

Ba zan ce muku ban san komai ba kafin ranar. Na sani kamar yadda ake sanin tsohuwar rijiyar da aka rufe a tsakar gida, ba a zancenta amma kowa ya san inda ba a takawa. Abin da ban taɓa ji ba shi ne labarin da kansa, da tsarinsa, daga bakin wadda ta gani da idonta. Da ta gama ta karkaɗe zanenta ta ce:

"Talatu, wannan zancen cikin ɗaki ne. Ubanku ya sha wuya kafin mutane su manta."

Na ce mata to.

Washegari mutum tara na tarar a aji. An yi ruwa da asuba, duk mai gona ya tafi gonarsa. Na buɗe takardata na fara karanta musu ma'anar kan gida kamar yadda masana suka rubuta. Kafin in kai ƙarshen shafi kawuna sun fara rinjaya. Wata tana danna waya a ƙarƙashin hijabi, wani yana gyara makin ɗalibansa. Na ji wata irin gajiya ta sauko mini tun daga wuya har gwiwa. Na rufe takardar na ce bari in ba su misali, na soma labarin guza. Allah ya sani, da niyyar in ce wani gida a wani ƙauye na fara, kuma haka na faɗa. Suka ɗan ɗago. Da na kai wurin da maharan suka wuce, Malam Idi, idonsa a rufe, ya ce:

"Duk dai ƙirƙirar masu littafi ce, Malama. Wa ya gani?"

Ina da damar in yi murmushi in wuce. Na sha mayar da kaina wannan daƙiƙar. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ban manta abin da Gwaggo ta ce ba, yana kunnena. Na dai gaji da magana da ƙeyar mutane, ina son ko sau ɗaya dattijon nan ya buɗe ido ya dube ni. Na ce:

"Ba littafi ba ne, Malam. Gidanmu ne. Kakana ne, sunansa Nomau."

Na faɗi sunan ƙauyenmu. Na faɗi tsamiya da jan zakara, da Tanko da ya dawo Musa. Ban rage komai ba.

Sai wata malama mai suna Rahila, Bahaushiya Kirista daga wajen Dandamisa, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, ta ce a hankali su ma a gidansu ba a taɓa kada, kuma kakarta takan ce kada ne ya haye da kakansu kogi. Wani ya ce su kuma hankaka ne. Malam Idi ya ajiye carbinsa a kan tebur ya ce akwai wata kuka a bayan gidansu da ba a saran ko reshenta, shekararsa hamsin da wani abu bai taɓa tambayar dalili ba, amma yau in ya koma zai tambayi yayar babansa. Ranar har aka kira la'asar ba wanda ya motsa. Asabar ta gaba benci bai isa ba, har masu karatun lissafi suka tsaya ta taga.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Wannan zangon shi ne mafi kyau a duk shekarun koyarwata. Mutanen da suka kwafi tatsuniya ɗaya su duka, su ne suka riƙa zuwa da littattafai cike da abin da suka jiyo a gidajensu, suna gardama a kan wanne ne almara, wanne ne tarihi, wanne ne camfi. Musulmi da Kirista suka riƙa gano cewa kakanninsu sun yi noma a fadama ɗaya. Mai kula da wurin ya daina zancen rubuta wa kwaleji. Ina dawowa gida muryata a dishe amma zuciyata wasai, har babanku yana yi mini tsiya wai na koma yarinya. Gwaggo kuwa idonta ya warke ta koma ƙauye, ban gaya mata komai ba.

Abin da ban sani ba shi ne, a waccan Asabar ta mutum tara, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki muryata a waya. Ba da mugunta ya yi ba, abokansa da suka tafi gona ya tura wa don kada darasi ya wuce su. Su ma suka tura wa wasu. Daga waya zuwa waya ta bi ta kasuwar Makarfi har ta isa ƙauyenmu.

Kawunku Habu manomi ne, amma ya yi karatu a gaban malamai, kuma ya fi shekara ashirin yana na'ibin limamin masallacin unguwarmu. Shi ke buɗe masallacin, shi ke share shi, shi ke jan salla in liman ba ya nan. A daminar nan liman ya tsufa har ba ya iya tsayuwa, kuma kowa ya ɗauka Yaya Habu ne zai gaje shi. Da dattawa suka zauna, wani da yake son kujerar ga ɗan'uwansa ya ciro waya ya kunna musu. An ce ba a yi gardama ba, ba wanda ya zagi kowa. Tsofaffin cikinsu ai sun san Nomau, wasu ma sun ci naman zakarunsa suna yara. Sai kawai aka naɗa wani.

Bayan kwana uku Yaya Habu ya zo Ikara a kan babur ɗinsa. Bai shigo cikin gida ba. Ya tsaya a zaure suka gaisa da babanku, gaisuwa mai tsawo kamar kullum, sannan ya ce a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce:

"Talatu, muryarki ce?"

"Tawa ce, Yaya."

"To."

Na fara bayani. Na ce ai ba abin kunya ba ne, Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi, kuma babu gidan da ba shi da irin wannan a baya in aka tona. Na ce ilimi ne nake koyarwa. Ya bar ni har na gama.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," ya ce. "Ni ban ce kin yi ƙarya ba. Amma Baba ya yi shekara arba'in a sahun gaba kafin a daina ce masa ɗan Nomau. Jiya na wuce ta bakin rijiya, wani yaro ya ce ga jikan mai zakara. Ke kina Ikara. Mu ne muke kwana a garin, mu ne muke tashi a cikinsa. Da kin ce wani gida, me zai ragu a ilimin?"

Na ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce yana sauri, hadari ya haɗo. Ya tayar da babur ya tafi.

Daga nan ba faɗa aka yi ba, da za a ce a zo a yi sulhu. In an yi haihuwa a gidansa sai dai in ji a bakin wasu. In na aika da kayan salla a karɓa a ce an gode. In na je ƙauye ya gaishe ni kamar baƙuwar da ta zo daga nesa, ya tashi ya ce zai duba gona. Bai bar masallacin ba, yana nan a sahun gaba bayan sabon liman, shi ke share shi har ƙarfinsa ya ƙare. Na fi son da ya yi fushi ya bar musu, da abin ya fi mini sauƙi. Da na ga zuwana yana takura shi, sai na rage, daga baya na daina kai ku. Laifin wannan nawa ne, kada ku ɗora wa 'ya'yansa, kuma in sun yi taro ku je.

Gwaggo Kande ba ta yi mini faɗa ba. Da na je na durƙusa a ɗakinta zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi, ta sa aka dama mini fura. Muka yi hirar ido da ta ciwon baya. Da zan tafi na yi ƙarfin hali na tambaye ta wani abu da ya shige mini duhu a kan kalmomin da Nomau yake faɗa a gindin tsamiya. Ta dube ni da idon nan da aka gyara mata a gidana, ta ce:

"Na manta, Talatu. Tsufa."

Ba ta manta ba. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san waƙoƙin shukar gidanmu, da sunayen kakanni har bakwai, da inda muka fito kafin mu sauka a fadamar. Ta yi shekara huɗu bayan haka tana ba jikoki tatsuniyar kura, ni kuma ba ta ƙara gaya mini ko kalma ɗaya ba. Da ita aka binne sauran. Na daɗe kafin in gane cewa labarin nan gado ne kamar gonar gandu. Ina da rabo a ciki, amma ba ni da ikon in ɗauke shi ni kaɗai in kai kasuwa.

Na ci gaba da koyar da darasin har na yi ritaya. Na kafa doka a ajina, ba a ambaton sunan gida ko na ƙauye, ba a kunna waya. Kowace shekara sababbin ɗalibai sukan zo suna cewa, Malama, a ba mu labarin guza, in ce musu su je su nemo na gidajensu. Wata shekarar su nemo, ajin ya yi rai. Wata shekarar su zauna suna hamma har a tashi, ni ma in karanta musu takarda in kama hanyar gida. Ban ƙara samun zango irin wancan ba, ban kuma ƙara nemansa da irin wancan farashin ba.

Bara da aka ce mini jikin Yaya Habu ya shanye ɓari ɗaya, ban yi shawara da kowa ba na hau mota zuwa Makarfi, daga nan acaba ya ƙarasa da ni. Na same shi a zaure an jingina shi da bango, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Na gaishe shi ya amsa, ya tambaye ku da sunayenku, bai tsallake ko ɗaya ba. Muka zauna muna kallon awaki a ƙofar gida. Can ya juyo da ƙyar ya ce:

"Ajin nan naki. Ya cika kuwa?"

"Ya cika, Yaya."

"Sun saurara?"

"Sun saurara."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"To, ba a yi asara biyu ba."

Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kira matarsa, ya ce ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Gwaggo, ba yau zan koma ba.